Kanel ɗin da na haɗa da kaina ya ƙi tashi: laifinsa ne ko nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina amfani da Debian sid, wani nau'in Linux, a laftof ɗina, ina kuma koyon aikin kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan na'ura. Na sauko da Linux na gwaji, mai rc a ƙarshen lambarsa, na haɗa shi na girka. Da na sake kunna na'urar sai ta tsaya cak, fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa, layin ƙarshe a allo kuma yana cewa: "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Na sake haɗawa, babu abin da ya canza. Shin fayilolina sun tafi ke nan? Kuma in kai rahoto ne, ko ni na yi kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, fayilolinka suna nan. Kanel ɗin bai ma kai ga buɗe faifan ba, balle ya taɓa abin da ke ciki. Rashin iya buɗewar ne ma ƙorafinsa.

Fara komawa tsohon kanel. A jerin GRUB, manhajar da ke loda kanel idan an kunna na'ura, ka zaɓi "Advanced options", ka ɗauki wanda kake amfani da shi kafin wannan. Idan jerin ba ya fitowa, riƙe Shift lokacin kunnawa a na'ura mai BIOS, ko ka danna Esc a mai UEFI. Wanda ya goge tsohon kanel kafin ya gwada sabo, to sai dai ya tashi daga filash ya shiga tsarin da ke kan faifan ta umarnin chroot, kuma ya ja wa kansa wahalar da ba dole.

Yanzu ga saƙon. Lambobi biyun da ke ƙarshensa su ne shaidar da kanel ke gane kowane faifai da ita: 8 a farko na nufin faifai irin sda, 259 kuma galibi NVMe ne. Sifiri da sifiri na nufin bai gano faifai ko ɗaya da zai kira tushe, wato root fs ɗin da saƙon ya ambata, ba. Dalilin kuwa yana cikin yadda Debian ke tashi. Direbobin NVMe da na ext4 ba a cikin jikin kanel suke ba, modul ne, wato ɓangarori da ake lodawa daban, da ke ajiye a kan faifai. Ka ga mabuɗin yana cikin akwatin da ake son buɗewa. Shi ya sa GRUB ke loda wani ƙaramin ƙunshi, initramfs, tare da kanel, wanda ke ɗauke da direbobin da ake bukata kafin a kai ga faifan. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: a layin GRUB ana rubuta root=UUID= ne, kuma kanel shi kaɗai bai san fassara UUID, wato lambar shaidar tsarin fayil, ba. PARTUUID, lambar shaidar yankin faifai, ya sani, sunan na'ura kai tsaye ya sani, amma UUID aikin initramfs ne. Saboda haka ko da ka cusa direban NVMe a jikin kanel, in babu initramfs kuma layin na ɗauke da root=UUID=, saƙon nan dai za ka gani.

Wannan ya taƙaita mana bincike sosai. Da initramfs ya lodu amma babu direba a cikinsa, Debian ba za ta faɗi haka ba. Za ta jira faifan ta gaji, ta jefa ka cikin ƙaramin shel na BusyBox, inda ake buga umarni. Tunda kai faɗuwa ka samu, zato mafi ƙarfi shi ne ƙunshin ba ya nan, ko GRUB bai san da shi ba, ko kuma an kasa kwance shi.

Daga tsohon kanel, buga `ls -lh /boot` ka duba ko akwai initrd.img mai lamba ɗaya da sabon vmlinuz, harafi da harafi. Sannan `df -h /boot`. A nan na fi zargi. Mai koyon kanel yakan bar bayanan bincike a kunne, modul ɗin su kumbura, initramfs ya kai ɗaruruwan megabayit, /boot ya cika ana tsakiyar rubutu. Gargaɗin yana fitowa, amma ya ɓace a cikin dubban layukan da suka wuce. Maganinsa `make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`, kuma a yi shi kafin `make install`, domin a lokacin girkawa ne ake gina initramfs daga modul ɗin da aka tarar. Bayan haka `update-initramfs -c -k` tare da lambar kanel ɗin, sai `update-grub`. Ka leƙa .config ɗinka ma: CONFIG_BLK_DEV_INITRD ya kasance a kunne, haka CONFIG_RD_ZSTD in da zstd aka matse ƙunshin. Ni dai a Debian na fi son `make bindeb-pkg`, domin yana ba ka fakitin da dpkg zai girka, ya kuma cire shi tsaf ranar da ka gaji da shi.

Sake haɗawar da ka yi ba za ta canza komai ba, tunda saiti ɗaya ka maimaita.

In duk wannan lafiya yake kuma har yanzu yana faɗuwa, to sai ka ga abin da ke sama da layin ƙarshe, don shi layin ƙarshe sanarwar mutuwa ce kawai, sanadin yana can sama. A GRUB danna e, ka share kalmar quiet daga layin da ya fara da linux, ka ƙara ignore_loglevel, ka tashi da Ctrl+X. Nemi "Initramfs unpacking failed". Nemi kuma wurin da kanel ya ce "here are the available partitions": in babu komai a ƙarƙashinsa, bai ga faifai ba sam. Rubutun yana gudu, kuma tun Linux 5.9 na shekarar 2020 aka cire damar ja da allo baya da Shift da PageUp, don haka ka ɗauki bidiyo da wayarka, ko ka ƙara boot_delay=100 in ka kunna CONFIG_BOOT_PRINTK_DELAY. Kada ka ɓata lokaci a kan journalctl. Faifan da zai rubuta a kai ne ba a buɗe ba.

Shawarar da ta fi duk waɗannan amfani ga mai koyo ita ce ka daina gwajin farko a kan na'urar da kake aiki da ita. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, zai tayar da kanel ɗinka cikin daƙiƙoƙi: ka ba shi -kernel da -initrd, ka sa -nographic, ka ƙara console=ttyS0 a cikin -append, duk saƙon ya zubo a taga inda za ka kwafe shi. Ka sa -s -S ya tsaya yana jiran gdb, manhajar binciken kurakurai, a ƙofa ta 1234, tare da nokaslr don adireshi su zauna wuri ɗaya. In ya tashi a QEMU ya ƙi a laftof, ka san matsalar tana wajen direban kayan na'urarka ko wajen GRUB.

Maganar rahoto kuma, tukuna. Kanel na gwaji yana zuwa da kurakurai, musamman rc1 da ke biyo bayan makonni biyu na karɓar sabbin gyare-gyare, amma ba da wannan saƙon suka fi bayyana ba. Gwajin da zai raba gardama shi ne: kwafi saitin tsohon kanel daga /boot, ka yi `make olddefconfig`, ka haɗa tabbataccen kanel na ƙarshe da shi, sannan ka haɗa na gwajin da saitin nan dai. In duka biyun sun faɗi, hanyar girkawarka ce. In tabbataccen ya tashi na gwajin ya ƙi, ka kama kuskure na gaske. Sai `git bisect`, wanda ke raba jerin gyare-gyaren biyu a kowane zagaye. Ko sun kai dubu goma sha biyar, zagaye goma sha huɗu ya isa ya nuna maka mai laifin. Daga nan `scripts/get_maintainer.pl` zai gaya maka waɗanda za ka aika wa. Ka haɗa musu da cikakken saƙon tun daga farkonsa, da .config ɗinka, da samfurin na'urar, da lambar gyaran da bisect ya tsaya a kai.