Amsa ga ɗan'uwan da dutsensa ya fito kamar na roba

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga hoton da ka ɗora da tambayarka, cewa ka kwana kana renda a Blender, wato manhajar ƙera hoton 3D tana lissafa hoton ƙarshe, awa tara cur, amma dutsen ya fito kamar abin wasan yara, ko sai ka sayi sabuwar kwamfuta. Ban iya amsawa a lokacin ba, don wallahi hoton nan ya fama mini tsohon miki. Dutse mai tsini, ƙanƙara a ka, tafki a gaba, itatuwan Turai a jere kamar 'yan fareti. Irinsa sak na taɓa yi, har tafkin.

Kada ka sayi komai tukuna. Ko injin da ya fi kowanne tsada ka samu, wannan dutsen robar zai sake fito maka, sai dai ya fito da wuri.

Fara da itatuwanka. Na auna da yatsa a kan waya, tsayin dutsen bai wuce huɗun itace ɗaya ba. In itacen mita 15 ne, ka ga dutsen naka mita 60 ke nan, tudu ne kawai, yaro ma ya hau ya sauko kafin a sauke tuwo. Ido ba ya yarda da ƙanƙara a kan abu irin wannan. Ka ajiye akwati mai tsayin mutum a gindinsa, mita 1.7, ka yi ta ƙara girman dutsen har sai akwatin ya kusa ɓacewa. Kuma in ka ƙara girman ka ga dutsen ya ɓace daga kyamara, kada hankalinka ya tashi kamar yadda nawa ya tashi har na goge aikin kwana biyu. Kyamarar Blender a mita 100 take tsayawa da gani in ba ka taɓa ta ba, je ka Clip End ka ƙara sifili biyu ko uku. Sannan wannan dishi-dishin da ka sa gaba da baya, cire shi. Ido ya saba ganinsa a hoton ƙananan abubuwa da aka ɗauka kusa-kusa, kamar zobe ko ƙwaro, shi ya sa da ka sa shi a kan dutse sai ya koma ɗan mitsitsi.

Bari in ba ka labarin nawa, ko zuciyata ta yi sanyi. Wani mai kuɗi ne nan Gombe, ba zan kama suna ba, ya ce zai buɗe wurin shaƙatawa, yana son hoton duwatsu da za a buga a babban allo, kamar na Suwizalan in ji shi. Ya ba ni ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ya ce sauran sai ya gani. Watan Afrilu ne, ku da kuke Gombe da Bauchi kun san me nake nufi. Laftof ɗina ba ta da katin hoto, ram 8, batir ba ya kai minti ashirin. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na juya mata fanka, ni kuwa ina zufa a tabarma. Daren farko ta kai kusan ƙarshe, saura ɗan layi a sama, aka ɗauke wuta. Ina kallo ta mutu. Dare na biyu na sayi fetur da kuɗina na ari janareton maƙwabci, ƙarfe uku na dare man ya ƙare. Sai a dare na uku ta kammala, na yi sallar asuba ina jin kamar na sauke Alƙur'ani.

Na kai masa ofis da kaina. Yana zaune da yaransa, ya karɓi laftof ɗin da hannu ɗaya, ko minti bai yi yana kallo ba, ya juya musu ita ya ce su zo su ga shurin gara an barbaɗa masa fulawa. Suka fashe da dariya, har da direbansa da ke tsaye a bakin ƙofa. Ni ina tsaye riƙe da jaka, ko kujera ba a ba ni ba. Ya ce in tura masa ta WhatsApp ya sake dubawa a nitse, ni kuma don rashin wayo na tura cikakke, ba sunana a kai, ba komai. Daga ranar waya ta daina shiga. In na je, a ce Alhaji ya yi tafiya, alhali ga motarsa a inuwa. Bayan wata biyu ina kan babur sai ga shurin garar nan an buga shi ƙato a bakin ƙofar wurin, an rubuta sunan wajen a kan tafkina. Na tsaya gefen titi na daɗe ina kallo. Mahaifiyata ta ce in bar shi da Allah, na kuwa bar shi da Allah, amma har yau ba na bin wannan titin in da wata hanya. Abin da ya fi ci mini rai ma ba kuɗin ba ne, gaskiya ya faɗa. Shurin gara ne.

Don haka duk wanda ke karantawa, rabin kuɗi a hannu kafin ka kunna kwamfuta, kuma hoton gwaji ƙarami ne da sunanka a tsakiya, ba a kusurwa ba inda za a yanke.

To, na dawo kanka. Abin da ya gyara mini ido ba bidiyon YouTube ba ne, ɗaurin aure ne a Kaltungo. Mun fita da sassafe, ta Kumo da Billiri, lokacin hunturu. Ina ta taga ina kallon Dutsen Kilang da tuddan da ke bayansa, sai na lura na kusa ne kawai ke da launinsa na gaskiya, na bayansa ya koɗe, na can ƙarshe kuwa kusan ba ka raba shi da sama. Iska ce da ƙura tsakaninka da shi. A hotonka baƙin da ke kan dutse mafi nisa daidai yake da baƙin itacen da ke gaban kyamara, wato babu iska a duniyar taka ko kaɗan. Ba sai ka sa hazo na gaske da zai kashe maka laftof ba. Kunna Mist, wato ma'aunin nisan kowane abu daga kyamara, ka haɗa shi da hoton bayan an gama renda, ka zuba shuɗi mai haske gwargwadon nisa, daƙiƙa kaɗan yake ci. Mu da muke shan hazo wata uku a shekara bai kamata a koya mana wannan ba, amma ni ma sai da aka yi mini dariya.

Ranarka kuma tana bayan kyamara, tsaka, kamar azahar. Babu inuwa, babu kwari, babu tudu. Sa Sky Texture, sararin samaniyar Blender mai rana a ciki, irin wanda ya shigo a Blender 2.90 da sunan Nishita, ka sauke rana ƙasa-ƙasa kamar bayan la'asar, ta bugo daga gefe. Akwai wurin ƙara ƙura a cikinsa, in ka ɗaga shi kaɗan sai ka ga sararin ya fara kama da namu.

Sai jikin dutsen kansa. Na san A.N.T. Landscape, abin ƙera duwatsu na Blender, ka danna ka bar shi yadda ya zo, duk mun yi. Matsalarsa ko'ina ƙuraje iri ɗaya, sama da ƙasa. Dutsen gaske ruwa ne ya sassaƙa shi, ka ga hanyoyin da ya bi ya zaizaye, ka ga tarkacen da ya zubo ya taru a gindi. Manhajojin Gaea da World Machine suna yin wannan zaizayar, kuma dukansu akwai na kyauta mai iyaka, ya ishe ka koyo. Ƙanƙararka ma ta manne a bango miƙaƙƙe kamar farar ƙasa. Ba ta zama a nan, ciyawa ma haka. Ɗauki Normal, wato inda jikin dutsen ya fuskanta, ka ware Z mai nuna sama, ka bi da shi ta ColorRamp mai raba launi, inda ya kwanta ya samu ƙanƙara ko ciyawa, inda ya miƙe ya zauna dutse tsirara.

Amma tsakani da Allah, me ya kai mu ƙanƙara? Ni da kai ba wanda ya taɓa taka ta, a firji muka san ta. Tsinin duwatsun Turai ƙanƙarar dubban shekaru ce ta feƙe shi, mu kuwa kwaikwayon kwaikwayo muke yi. Hau mota ka je Dass, ka zauna gindin duwatsun Mbula da wayarka. Namu sulɓi ne da su, masu ƙusumbi, suna ɓarewa kamar albasa, ga baƙaƙen layuka inda ruwan damina ke gangarowa, ga manyan ƙwallaye an ɗora wani kan wani kamar da gangan, ga itace ya fito daga tsaga. Ko Zaranda a hanyar Jos, ko Bima wajen Dadin Kowa. In kana son siffar wurin ta ainihi, akwai taswirar tsayin ƙasa ta SRTM da Amurkawa suka auna daga sama a shekarar 2000, kyauta ce, ƙarin manhajar BlenderGIS na jawo ta cikin Blender. Sai dai kowane ɗigo mita 30 ne, ƙashin bayan kawai za ta ba ka, ƙwallayen da tsagar kai za ka ɗora.

Awa taran nan ma ɓarna ce. Samful, wato sau nawa ake lissafa kowane ɗigon hoto, 4096 da ka bari shi ne yadda ya zo, mayar da shi 200 ko 300 ka kunna Denoise mai share ɗige-ɗigen hoto, kuma gwaji a rubu'in girma ake yi. Na so a ce wani ya gaya mini wannan kafin in sayi fetur ɗin nan.

Tafkin naka dai ya yi kyau, ban ce komai a kansa ba don ya fi nawa. Gyara girma da rana da hazo kawai, kada ka taɓa sauran, ka cire launi gaba ɗaya ka ɗoro shi fari da baƙi mu gani. In ka ga shiru gobe, layinmu ne ba wuta, jibi zan duba in sha Allahu.