Amsa ga ƙanwata mai tambaya ko ta koma fim bayan mutuwar aurenta

Salamu alaikum 'yan gida, admin sannu da ƙoƙari Allah ya biya. Maganata ga 'yar'uwar nan ce da aka ɓoye sunanta, wadda ta ce ta yi fim shekaru, ta yi aure miji ya ce ta bari ta bari, yanzu ya sake ta da yara uku ba ci ba sha daga wajensa, ga wani furodusa yana ta kiranta ta zo ta fito a uwa a fim mai dogon zango, yayyenta maza sun ce in ta koma ba su ba ita, shi kuma tsohon mijin ya aiko cewa ranar da ya ga fuskarta a talabijin ranar zai kwashe 'ya'yansa. Shi ne take tambaya ta koma ko ta haƙura.

Ƙanwata wlh ina karanta saƙonki jikina yana rawa, don kusan duk abin da kika faɗa ya faru da ni, har barazanar kwashe yaran, ni ma ba a barazana ya tsaya ba aikatawa aka yi. Na duba kwament ɗin mutane na ga masu cewa ki ji tsoron Allah ki zauna a ɗakinki, na ga masu cewa ki koma kawai kar ki saurari kowa, amma ban ga wanda ya tambaye ki me yaran nan suka ci jiya da daddare ba, kuma ban ga wanda ya yi miki maganar kotu ba. To ni ta nan zan fara. Kar ki taka lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, ko na sin ɗaya ne, wato fitowa ɗaya, sai kin je kotun shari'a an tabbatar miki da riƙon 'ya'yanki a rubuce. Wannan ita ce maganata, sauran duk ƙari ne.

Ni 'yar zamanin kaset ce, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano masu sayar da fina-finai su ne masu faɗa a ji, in sun ce fuskarki tana sayuwa to kin samu aiki, in sun juya miki baya shikenan. Mun yi wahala, mun kwana a lokeshan, mun yi rawa da waƙa kamar yadda kowa ya yi a lokacin, ba zan ɓoye ba kuma ba na jin kunyarsa, da kuɗin nan na yi wa mahaifiyata magani na sa ƙannena a makaranta. Sai ga abin da ya faru a 2007 da bidiyon tsiraicin wata jaruma ya bazu, ke kin sani kowa a nan ya sani, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, hukumar tace fina-finai ta zo da sababbin dokoki masu zafi, wasu suka koma Kaduna da aiki, mu mata kuwa fita unguwa ma ta gagare mu, a masallatai ana ta huɗuba a kanmu, yara suna binmu da ihu. A cikin wannan halin ne mutumin nan ya fito yana sona, ya ce zai rufa min asiri. Na yi murna, iyayena suka fi ni murna. Sharaɗinsa ɗaya in bar fim har abada, na ce na bari, kuma na bari ɗin, ko gaisawa da abokan aikina a waya na daina.

Shi kansa ba zan ce bai taɓa kyautata min ba. Amma yayarsa, Allah ya isa tsakanina da matar nan. Tun ranar da aka kai ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai 'yar fim. Ina 'yar fim ɗin, ku ba 'yar fim tsintsiya, 'yar fim ta iya girki kuwa? In an yi suna ko biki a dangi sai ta bari mata sun cika ɗaki sannan ta ɗauko waƙar da na taɓa hawa a fim tana rerawa tana kallona, ana ta dariya, ni kuma ina zaune da goyo a bayana ina murmushin dole. In na yi kwalliya ta ce na tuna da kamara, in ban yi ba ta ce ai dama 'yan fim a waje suke kyau. In na yi kuka ta ce ku rabu da ita aikinta ne, an saba biyanta ta yi kuka. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, don daga ranar ko ciwo nake ba na iya nunawa a gidan nan, komai na yi sai a ce aktin ne. Na haihu na sha wahala har aka yi min aiki, ta zo asibiti ta tsaya a kaina ta ce wa surukata ai raki ne irin nasu. Ina jinta, bakina ya kasa buɗewa.

Ita ce ta samo masa wadda ya auro, ban ce kar ya ƙara aure ba, halal ne, amma tun da amarya ta shigo aka fara neman hanyar da zan fita. Takardata ma ba shi ya miƙo min ba, a hannun yayar tasa na karɓa. Na koma gidanmu da yarana, mahaifina ya rasu, gidan haya, yayana yana fama da nasa iyalin. Na yi idda na gama, ko ƙwayar shinkafa bai aiko ba. Na sayar da gadon kwanana, na sayar da 'yan kunnena, na soya awara a ƙofar gida mutane suna zuwa ba don su saya ba sai don su ga wai wance ce ta koma tuyar awara, wasu har hoto suke ɗauka a ɓoye. Da wani tsohon darakta da muka yi aiki tare ya kira ni ya ce akwai rol na uwa, ban yi dogon tunani ba na tafi.

Ranar da aka fara nuna shirin, washegari yarana suka tafi makaranta ba su dawo ba. Na jira har la'asar, na je makaranta aka ce gwaggonsu ta zo da mota tun kafin a tashi ta ce an yi rasuwa a dangi. Ƙanwata ban san yadda aka yi na isa gidan matar nan ba, takalmina ma wari ɗaya na tarar a ƙafata. Na buga ƙofa na buga, ina jin muryar autana a ciki yana kiran Umma Umma, bai kai shekara huɗu ba a lokacin, ba ya barci sai ya riƙe gefen zanina. Ta leƙo ta taga ta ce min jininsu ba zai tashi a hannun 'yar rawa ba, in je kamara ta haifa min wasu. Maƙwabta suka fito suna kallo, ba wanda ya ce mata ki ji tsoron Allah, ko mutum ɗaya, wata tsohuwa ce kawai ta kama hannuna ta ce 'yar nan tashi daga ƙasa. Na zauna a dakalin gidan har aka yi sallar isha'i. Har yau in na ji yaro yana kuka a bayan ƙofa a rufe sai cikina ya juya. Kuma abin da ya fi min ciwo, babbar 'yata da ta fara wayo sai da aka zaunar da ita aka kunna mata tsofaffin fina-finaina ana nuna mata wai ga uwarki nan tana rawa da maza. Yarinyar nan ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni. Me na yi wa matar nan? Ban taɓa zaginta ba, 'ya'yanta ni na yi musu wankan jego na biyu daga ciki. Ban yafe ba, mutane suna ta cewa in yafe, ban kai nan ba tukuna.

Wani malami a unguwarmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ce min ke baiwar Allah ai shari'a tana gefenki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, kuma ci da sha da sutura da magani duk a wuyan uba suke ko da yaran suna hannunki. In ma uwa ta yi wani auren, riƙon yana komawa wajen mahaifiyarta ne kafin a zo kan dangin uba. Ni duk tsawon zamana ban san haka ba, na ɗauka 'ya'ya na uba ne sai abin da ya ga dama. Na shigar da ƙara. Suka zo kotu da fasta da faifan sidi na tsofaffin fina-finaina a leda wai hujja ce ba ni da tarbiyya. Na tsaya gaban alƙali ina jin kamar ƙasa ta tsage, amma ya tambaye su ko suna da shaidar na taɓa barin yaran da yunwa ko na kai su wurin banza ko an kama ni da wani abin assha, suka yi shiru. Aka dawo min da 'ya'yana aka yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Ba kullum yake bayarwa ba, amma bai ƙara aiko kowa makaranta ba. Shi ya sa nake ce miki ki riga su zuwa. Ba na ce kowane alƙali haka zai yanke ba, za a duba halinki da inda yaran za su zauna da wanda zai kula da su in kin fita aiki, to ki shirya amsar wannan tun yanzu, in mahaifiyarki tana raye ki jawo ta kusa.

Sai maganar furodusan da yake kiranki. Dan Allah kar ki ɗauka industiri tana nan yadda kika bar ta. Kasuwar sidi ta mutu, yanzu komai ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, yara sababbi sun cika ko'ina kuma mabiyansu a Instagram da TikTok ake dubawa kafin a ba su aiki. Mu da muka dawo a iyaye, sin biyu uku ne za a kira ki, ki zo tun safe ki zauna a rana har magariba ana jiran jaruma. Kin tuna a 2022 da Mama Ladin Cima ta fito a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa ta ce dubu 2 ko dubu 5 ake ba ta, aka yi ta cece-kuce, wasu furodusoshi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka? Ni ban shiga tsakaninsu ba, amma na san ni da kaina an taɓa sallamata da abin da ko kuɗin adaidaita sahu zuwa gida bai isa ba, kuma yaron da ya miƙo min kuɗin a gabana ya shigo harkar yana riƙe wayar lantarki, har ya ce min Mama ki yi haƙuri ai taimaka miki muka yi da muka tuna da ke. Akwai na kirki, wlh akwai, wanda zai turo miki alat tun kafin ki fito daga gida har ya haɗa da na mota. Amma ki yi ciniki a waya kafin ki saka mayafi, nawa ne sin, yaushe za a biya, kaya naki ne ko nasu, kuma ya rubuto miki a WhatsApp ki ajiye. Kunya ba ta biyan kuɗin makaranta. In ya fara cewa haba Hajiya ai mu 'yan gida ne, to ki san babu kuɗin. Ki je ki sabunta rajistarki da hukumar tace fina-finai da ƙungiyar 'yan fim kuma, kar a zo ana tsakiyar aiki a ce ba ki da kati.

Kuma ki kama wata sana'ar a gefe ko yaya take. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa, fuskar da aka sani a fim ita take kawo min masu saye, wata rana abin da na samu a turare ya fi na lokeshan. Rashin lafiya nake ji miki, mun ga iyayenmu a harkar nan da suka yi shekara talatin suna sa mutane dariya da kuka, da ciwo ya kwantar da su sai da aka ɗauki bidiyonsu a kan gado ana neman taimako. Babu fansho a fim, babu garatuti, ranar da ƙafarki ta kasa zuwa lokeshan ranar aka daina kiranki. In na tuna su Hauwa Ali Dodo da Hauwa Maina da Daso, Allah ya jiƙansu da rahama, sai in ga kwana nawa ne ma duka.

Yayyenki kuwa kar ki yi faɗa da su, ki je har gida ki durƙusa ki ce yaya na ji maganarku, ga lissafin abin da yaran nan suke ci a wata da kuɗin makaranta da haya, in za ku ɗauka wlh na haƙura da fim. Ki faɗa da ladabi ba da gatse ba. In sun ɗauka alhamdulillahi ki zauna, ni da na samu wanda zai ɗauke min da ban koma ba, ba don fim haramun ne a wajena ba sai don na gaji da bakin mutane. In kuma sun yi shiru to sun ba ki amsa. Nawa yayan ya yi fushi ya daina zuwa gidanmu, sai da aka kwantar da matarsa asibiti na kai abin da Allah ya hore min sannan muka shirya.

Masu zuwa neman aurenki ma za su zo, da yawa, wasu fuskar talabijin suke so su kai gida su nuna wa abokai, bayan wata shida a fara gori. Duk wanda ya ce ki bar fim ki tambaye shi yarana fa, kuma ki je ki ga 'yan'uwansa mata da idonki kafin a sa rana, ki zauna da su ki ji yadda suke kiran sunanki.

Babbar cikin yaranki in ta kai ta gane magana ki zaunar da ita ke da kanki ki faɗa mata aikin da kika yi da wanda za ki koma, ki nuna mata da hannunki kafin wani ya nuna mata da mugun nufi. Ki je makarantarsu gobe goben nan ki gaya wa hedimasta a rubuce kar a ba kowa yaranki in ba ke ko mahaifiyarki ba, ko da an ce rasuwa aka yi. Takardar sakinki da takardun haihuwarsu da rasit ɗin kuɗin makaranta da na asibiti duk ki haɗa su wuri ɗaya ki kai ɗakin wata aminiyarki, saƙon barazanar da ya aiko ma kar ki goge, in ta baki aka kawo miki ki riƙe sunan wanda ya kawo. In a Kano kike ki karɓi lambata a wajen admin, ranar da za ki shigar da ƙarar ni zan raka ki in sha Allahu.