Tambaya da Amsa: Ɗaukar hoton ƙaramin biki a ƙauye

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ba ni aikin hoton wani ƙaramin biki a ƙauye, mutane ba za su wuce 40 ba. Ɗaurin aure bayan azahar a ƙofar gida, kai amarya bayan magariba, garin kuma babu lantarki. Kyamara ɗaya gare ni da gilashi (lens) biyu, 18-55mm da 50mm f/1.8. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Gumel

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kayanka sun isa. Ka ƙara da batir 3 cike da caji, memori 2 da filasha ta ɗorawa. In lokacin hunturu ne, kada ka canza gilashi a fili. Ƙura na shiga, kowane hoto ya fito da ɗigo a wuri ɗaya. Ka shiga mota ko zaure, ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

Ɗaurin aure ba ya jiran mai hoto. Tsakanin neman aure, miƙa sadaki da shafa fatiha 'yan mintoci ne, kuma ba wanda zai ce wa liman ya maimaita. Ka isa da wuri, ka sa wani ɗan gida ya nuna maka waliyyin amarya da wakilin ango, ka durƙusa inda za ka ga fuskokinsu duka biyu. Hoton da dangi za su nema shi ne na hannu yana miƙa sadaki da na tafukan da aka ɗaga. Rabon goro da dabino ya biyo baya.

Babbar matsalarka ranar azahar ce da farar shadda. Kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu, ga hula ta jefa inuwa a ido. Ka auna haske a kan fuska, ka sa ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) a 100, ka buɗe filasha kaɗan ta cike inuwar, saurin ɗauka kuma kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa, iyakar da yawancin kyamarori ke daidaituwa da filasha ke nan. Hoton jama'a a yi shi a inuwar katanga. Gindin darbejiya yana da daɗin zama, amma yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Cikin gida sai da izini. Ka tambayi uwar biki tun da rana, domin wasu gidajen ba sa barin namiji ya shiga; a nan sai ka saita kyamarar ka ba wata ƙanwar amarya. Wadda ta ja mayafi ta rufe fuska, ka ƙyale ta.

Da dare ka ɗaura 50mm ɗin, buɗewar gilashi f/2, ISO 1600 zuwa 3200, sauri 1/125. Ɗakin amarya ƙarami ne, ga gado ga jeren kwanuka, don haka daga bakin ƙofa za ka ɗauka. Kada ka haska filasha kai tsaye: kwanukan za su mayar da hasken, hodar amarya ta yi fari fat. Bangon jar ƙasa kuwa rina hasken yake yi. Ka sa mutum biyu su riƙe farin zane a gefenka, ka juya filashar gare shi. In kyamarar ta kasa kama fuska saboda duhu, wani ya haska tocilan ɗin waya har ta kama, sannan ya kawar.