Ina koyar da darasin canjin halitta a aji, albashina halal ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata nan cikin birnin Kano, a manhajarmu akwai darasin ibolushan, yadda halittu suke canzawa ta hanyar gado zuriya bayan zuriya, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kai. To shine wani ƙanin maigidana yace wlh duk wanda ya koyar da wannan ya yi ridda, albashina ma haram ne, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Dan Allah meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama ki kwantar da hankalinki, ƙanin mijin naki ya yi gaggawa, fitar da musulmi daga addini ba abin wasa bane, kuma ya haɗa abubuwa daban daban ya yi musu kuɗin goro.

Akwai canjin da ake gani da ido, wannan babu mai musunsa sai wanda bai duba ba. Ba wai mutum ɗaya ko dabba ɗaya ce take rikiɗa ba, a'a, a cikin al'umma ne wata ƙwayar gado take yawaita wata tana raguwa, saboda masu ɗauke da ita sun fi rayuwa sun fi barin 'ya'ya. Ki duba sikila da ta dame mu a nan Kano. Yaron da yake AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wani likita Anthony Allison ne ya tabbatar da haka a gabashin Afirka a 1954, to kinga a ƙasar da maleriya take kwashe yara shekara da shekaru, masu AS ɗin suna tsallakewa su girma su yi aure su haihu, ƙwayar S ɗin sai ta yi ta yawa a cikinmu duk da wahalar da masu SS suke sha, har ya zama kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana ɗauke da ita. Haka kulorokwin, da can kana sha ka miƙe, ƙwayoyin cutar da suka iya jure shi su suka rage suka hayayyafa, har Najeriya ta canza magani a 2005. Wanda yace wannan kafirci ne to me zai ce da gwajin jinin kafin aure da gwamnatin Kano ta mayar doka a 2024? Ai ilimin ɗaya ne.

Kuma maganar gado ba baƙuwa bace a wajenmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito wani mutum ya zo wajen Annabi (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi baƙin yaro, sai Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa yace jajaye ne, yace akwai mai ruwan toka a ciki? yace akwai, yace daga ina ya samo? yace wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi, sai Annabi yace to ɗanka ma wataƙila haka ne. Wannan fa sama da shekara dubu kafin Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado, ya fara gwajin wakensa. A Suratur Rum aya ta 22 Allah ya sa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, alhali duk uba ɗaya muka fito, kinga an samu canji kenan a zuriya.

Su kuwa dabbobi da tsirrai, ko wani jinsi daga wani ya samo asali cikin miliyoyin shekaru, nassi bai yi mana bayanin yadda aka yi dalla dalla ba, abin da ya wajaba mu ƙudurce shine Allah ne ya halitta su da nufinsa. Ba zan haramta binciken ba, ba kuma zan ce dole ki gaskata duk abin da aka rubuta ba.

Inda muke tsayawa cak shine Annabi Adamu (AS). Alƙur'ani ya faɗa ƙarara a Ali Imrana aya ta 59 cewa daga turɓaya aka halicce shi, ba shi da uwa ba shi da uba, wannan ba ma sassautawa don wani littafin makaranta. Haka masu cewa duk abin nan da kansa ya faru babu Mahalicci, wannan shine kafircin, kuma ba a ɗakin gwaji suka samo shi ba, aƙidarsu ce suka liƙa wa kimiyyar.

Don haka koyarwarki ta halatta, albashinki halal ne. In kin zo kan Darwin, masanin da ya shahara da ra'ayin ibolushan, da littafinsa na 1859 ki ce wa yaran ga abin da ya faɗa, ga yadda za ku amsa a jarrabawa, malamai sun ce mai hakaito maganar kafirci ba kafiri bane matuƙar bai yarda da ita ba, sannan ki ware minti kaɗan ki gaya musu matsayin musulmi kan Annabi Adamu, kar ki bar su su je su tsinto a TikTok. Tunda 'yan mata ne masu shirin aure, ki tsaya sosai kan lissafin AS da AS, su gane cewa kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne yiwuwar SS, ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba. Shi kuma ƙanin maigidan naki, ki sa yayansa ya nuna masa wannan amsar cikin lalama.

Wallahu a'alam.