Na ƙara wa dokina dawa saboda hawan Sallah, sai ga shi yana birgima

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da ingarma ɗan shekara 6, yawanci yana ɗaure a turke, harawa da 'yar dusa nake ba shi. Da ya rage mako 3 Sallah sai na fara zuba masa dawa kwano biyu kowane dare don ya yi ƙiba da ƙarfi. A dare na uku ya ƙi cin komai, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya yi birgima ya tashi. Yaron barga ya ɗura masa ruwan kanwa da man gyaɗa, wajen asuba ya yi kashi ya warware. Wasu sun ce kambun baka ne. Me ya same shi, kuma in ci gaba da ba shi dawar? Daga mai doki a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi wa Allah godiya, don dokinka ya tsallake rijiya da baya. Alamomin da ka lissafa na ciwon ciki ne, kuma ba sai an je neman mai baki ba, kwanon dawar nan ne ya jawo. Ka dakatar da ita daga yau.

Cikin doki ba irin na saniya ba ne. Duk girman jikin nan nasa, tumbinsa ƙarami ne, daga lita 8 zuwa 15 yake ɗauka. Sannan doki ba ya amai, ƙofar tumbinsa ta sama a matse take, abin da ya shiga sai dai ya bi ta baya. An halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, in ka sake shi a makiyaya yakan kwashe kusan awa 16 a rana kansa na ƙasa. Ainihin narkewar ciyawar kuma a babban hanji take faruwa, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke sarrafa ta. In hatsi ya zo da yawa lokaci guda, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sai ragowar ta zube cikin babban hanjin ta yi tsami kamar ƙullun da ya kwana. Tsamin ya kashe halittun da suka saba da harawa, iska ta taru, hanji ya kumbura. Zafin wannan kumburi ne ya sa shi tonon ƙasa. In an yi rashin sa'a hanjin da ya cika da iska ya goce daga mazauninsa ko ya murɗe, to sau da yawa babu abin da zai yi magani sai tiyata.

Ɗurar da yaron ya yi ta fi ba ni tsoro a kan dawar. Na san haka aka gada a barguna da yawa, kuma da yake dokin ya tashi, kowa zai ce kanwa ce ta yi aiki. Ciwon ciki na iska sau da yawa da kansa yake lafawa. Amma in aka ɗaga kan doki sama aka tura masa kwalba, ba wuya man ya bi ta maƙogwaron numfashi ya sauka a huhu, bayan 'yan kwanaki a ga zazzaɓi da tari da wari daga hanci, ciwon da ya fi na farkon wuyar magani. Mu in za mu ba da mai ko ruwa, roba muke zurawa ta hanci har tumbi, mu tabbatar inda ta sauka kafin mu zuba komai. Don haka ka sa ido a kan numfashinsa cikin makon nan.

In hakan ta sake faruwa, ka kwashe abincin gabansa, ka bar masa ruwa, ka kira likita. Kafin ya iso a ja shi da ragama a yi ta zagayawa a hankali, ba tare da an gajiyar da shi ba. Ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ka ƙirga bugun jini: lafiyayyen doki a huce yana yin 28 zuwa 44 a minti, in ya haura 60 abin ya yi tsanani. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske da danshi, in ka danna da yatsa launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashin da ya yi duhu ko ya bushe, gumi ba tare da aiki ba, da kashin da ya tsaya, duk suna nufin kada a jira gari ya waye. Kuma kada a yi masa allurar kashe zafi kafin likita ya gan shi, tana rufe alamun ne alhali hanjin na ci gaba da lalacewa.

Akwai kuma abin da masu doki ba su cika haɗawa da hatsi ba, wato kofato. Gubar da ke fita daga hanjin da ya yi tsami tana iya sa naman cikin kofato ya kumbura, yawanci kwana ɗaya zuwa uku bayan cin hatsin. Ka taɓa kofatan gaba safe da yamma. In ka ji zafi, ko ka ga ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, ko yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, to a tsayar da shi a ƙasa mai laushi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a nemo likita. Wannan ciwo yana iya nakasa doki har abada.

Game da ciyarwa, harawa da busasshiyar ciyawa su ne tushe. Doki na bukatar kimanin kilo 1 da rabi zuwa 2 na ciyawa a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana, wato dokin da ya kai kilo 350 zai ci kilo 5 zuwa 7. Hatsi ƙari ne ga mai aiki, kuma irin wannan doki kada ya wuce kilo 1 da rabi a zubi ɗaya. Kwano ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ka kai naka wurin mai sikeli ka san nauyinsa. In ya huta mako guda lafiya, ka fara da tafin hannu biyu, kana ƙarawa sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, a raba sau uku, kullum bayan ya ci harawa. Kada a zuba masa a ƙasa, yashi yana taruwa a hanji. Harawar da ta yi fumfuna a zubar da ita, a tsince leda daga barga. Ruwa kuwa ya wuni a gabansa, ya kwana a gabansa, don yakan sha lita 25 zuwa 40, lokacin bazara fiye da haka. A ajiye masa gishirin lasa.

Ƙarfin da kake nema kilisa ce take kawo shi. Dokin da ya shekara a turke, aka cika shi da dawa, aka fito da shi rana tsaka da kaya masu nauyi ana sukuwa da zamiya, shi ne ake gani ya sandare a tsakiyar hawa, cinyoyinsa sun yi tauri, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi saboda tsokar jikinsa ta lalace. Shirin hawa mako 6 zuwa 8 yake so, a fara da tafiya zalla, sannan sassarfa, sukuwa sai can ƙarshe.

Bana lokaci ya ƙure maka. In kofatansa sun kasance da sanyi, yana ci yana kashi yadda ya saba, ka riƙa fita da shi tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya. Ranar Hawan Daushe ka shiga jerin gwano da shi a hankali, zagi na riƙe da ruwa, sukuwar gaisuwa kuwa ka bar wa waɗanda dawakansu suka sha kilisa.