Ciki a bututun mahaifa: allura za ta wadatar?

Tambaya: Likita, hoton ciki ya nuna cikina ya zauna a bututun mahaifa. Dole sai tiyata? Daga wata 'yar'uwa a Birni, Damagaram.

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ba dole ba ne. Idan bututun bai fashe ba, cikin bai kai santimita 3.5 ba, babu bugun zuciyar ɗan tayi, kuma awon hCG (sinadarin ciki da ake aunawa a jini) bai haura 5,000 ba, ana iya yi miki allurar methotrexate a tsoka, miligiram 50 kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, bayan an duba hanta da ƙoda. Maganin yana hana ƙwayoyin cikin rarrabuwa.

Za a auna jini rana ta 4 da ta 7. Idan hCG bai sauka da kashi 15 cikin 100 tsakanin awon biyu ba, sai allura ta biyu ko tiyata. Idan ya sauka, awo kowane mako har ya ɓace.

Ki bar ƙwayar folik asid, tana karya ƙarfin maganin. Ibuprofen ma haka nan ki bar shi. Mai shayarwa ba a yi mata wannan allurar. Ki jinkirta ɗaukar ciki wata 3.

Bututu na iya fashewa ko bayan allura. Ciwon mara mai tsanani, jiri ko ciwon kafaɗa, a garzaya asibiti ko da tsakar dare.