Kashe firji da dare ba ya rage kuɗin wuta yadda ake zato

Malam, ka tambaya ko kashe firji kowane dare zai rage maka kuɗin wutar lantarki. Amsar ita ce ba zai rage sosai ba, kada ka yi. Firji ba ya jan wuta dare da rana ba tsayawa, da kansa injin yake tsayawa idan sanyin ya kai yadda aka saita, ya sake tashi idan ya ragu. In ka kashe shi har gari ya waye, da safe injin zai daɗe yana aiki kafin ya maido da sanyin, sai ya cinye yawancin abin da ka yi tsiminsa. Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar iyalinka: firjin da ba wuta ba ya riƙe sanyi fiye da kimanin awa 4, kuma da zarar cikinsa ya haura digiri 5, ƙwayoyin cuta sun samu damar yaɗuwa a nama da madara.

A abin da na gani, ɓarnar ta fi yawa a robar bakin ƙofa. Ka maƙala takarda ka rufe ƙofar, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na zurarewa ke nan, injin kuma ba zai huta ba, sai a canza robar. Ka kuma janye firjin kaɗan daga bango domin zafin bayansa ya samu hanyar fita. Amma in tafiya mai tsawo za ku yi, to ku kwashe komai, ku zare filogi, ku bar ƙofar a buɗe don kada ya yi wari.